Launi da Tauraro: Tarihin Tutar Kamaru a Idon Hausawan Unguwar Briqueterie

1.0 Gabatarwa

Tutar ƙasar Kamaru launi uku gare ta, an jera su a tsaye, kowanne faɗinsa daidai da na ɗan'uwansa. Kore ne a gefen sanda, ja a tsakiya, rawaya a ƙarshe, sannan ga tauraro guda mai tsini 5, mai ruwan zinariya, a tsakiyar jan. Bayanin da aka saba yi wa ɗalibai shi ne, kore na nufin dazuzzukan kudu da kyakkyawan fata, rawaya na nufin rana da filayen arewa, ja kuwa haɗin kai ne da 'yancin ƙasa. Tauraron ma sunansa tauraron haɗin kai. Sai dai tsarin mulkin ƙasar na ranar 18 ga Janairu, 1996, bai faɗi ko ɗaya daga cikin waɗannan ma'anoni ba. Abin da sashe na farko ya yi kawai shi ne siffanta tutar, ya ambaci launukanta da tauraronta, ya wuce.

Wannan takarda za ta bi tarihin tutar ne daga wani wuri da ba a saba tsayawa a dube ta ba, wato unguwar Briqueterie da ke birnin Yawunde, wadda aka fi sani da unguwar Hausawa. Dalilin zaɓen wannan unguwa shi ne, mazaunanta sun gaji wata tsohuwar fahimta ta abin da ake kira tuta, kuma suna zaune a tsakiyar yankin da aka ce kore ne ke wakilta, alhali ana lissafa su cikin mutanen rawaya. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, tun daga 1957 ba a taɓa sauya launukan tutar ba, kuma ba a kansu rigimar ƙasar ta taso ba. Abin da aka yi ta sakewa, har ya kai ga zubar da jini, shi ne yawan taurari.

2.0 Tuta a Wurin Bahaushe Kafin Zuwan Turawa

Kalmar tuta tsohuwa ce a bakin Bahaushe, amma ma'anarta ta siyasa ta yi ƙarfi ne a farkon ƙarni na 19. Bayan hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, da nasarar Tabkin Kwatto a watan Yuni na wannan shekara, malamai da shugabannin jama'a daga sassa daban-daban sun riƙa zuwa ko aikowa domin yin mubaya'a. Wanda aka amince da shi sai a ba shi tuta, ya koma ƙasarsa ya jagoranci jihadi. Ta haka ne Malam Sulaimanu ya zama mai tutar Kano, Malam Ummarun Dallaje a Katsina, Malam Musa a Zazzau, Malam Yakubu a Bauci, Buba Yero a Gwambe, Malam Zaki a Katagum. Har yau idan ana maganar asalin waɗannan masarautu, ana cewa wane ne ya karɓo tuta.

Ya kamata a lura da kalmar aikatau da ke rakiyar tuta a nan. Ba a cewa an zana ta ko an tsara ta, cewa ake yi an ba da ita, an karɓe ta. Darajarta na hannun da ya miƙa ta ne. Ba launi ke bambanta tutar Kano da ta Katsina ba, sunan wanda aka damƙa wa ne, kuma babu wata doka da ta ƙayyade tsawon ƙyallen ko faɗinsa. Tuta shaidar izini ce. Tana cewa wannan mutum ba da ƙashin kansa ya tashi ba, akwai na gaba da shi, kuma zai riƙa aika gaisuwa Sakkwato. A fagen fama kuma ita ce matattara, muddin tana tsaye runduna ba ta watse ba. Shi ya sa a ranar 15 ga Maris, 1903, da sojojin Ingila suka auka wa Sakkwato, aka sami mutanen da suka tsaya a gindin tutar Sarkin Musulmi Attahiru har aka kashe su a wurin. Wani ɓurɓushin wannan fahimta ya rage a maganar yau da kullum, inda ake cewa wane ya ciri tuta idan ya fi tsara.

Abin da ya haɗa wannan tarihi da Kamaru shi ne tutar Modibbo Adama. Bisa ga ruwayar da ta fi shahara, a shekarar 1809 ne ya karɓo ta, aka naɗa shi jagoran jihadi a ƙasar da Fulani ke kira Fombina. Shi ma ya riƙa ba arɗaɗɗan Fulani tutoci, har aka sami lamidoji a Garwa da Marwa da Ngaundere da Tibati da Banyo da Rai Buba. Ya kafa Yola a 1841, ya rasu a 1847, ƙasar ta ci sunansa, Adamawa. Ma'anar Fombina a Fulatanci ita ce kudu. Ke nan ƙasar da mutanen Sakkwato ke yi wa kallon ƙarshen kudu, ita ce yau mutanen Yawunde ke kira arewa, ita ce kuma aka ba launin rawaya a tuta. Arewa da kudu dai sun danganta ne ga inda mai magana ya tsaya.

A bayan waɗannan tutoci ne fataken Hausawa suka bi. Inda duk aka kafa lamido, kasuwa na biyo baya, ana sayen hauren giwa da goro da bayi, ana sayar da tufafi da kanwa da kayan ƙira. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 ayarinsu ya wuce Tibati da Yoko, ya kai garuruwan Wute irin su Ngila, dab da kogin Sanaga. Daga nan zuwa tuddan Yawunde tafiyar 'yan kwanaki ce.

3.0 Unguwar da Ta Ga Tutoci da Yawa

A watan Yuli na 1884 ne Gustav Nachtigal ya ɗaga tutar Jamus a Duwala, mai launin baƙi da fari da ja. Tsakanin 1888 da 1889 Jamusawa biyu, Kund da Tappenbeck, suka kafa sansani a ƙasar Ewondo, wanda shi ne tushen birnin Yawunde. Daga wannan sansani, musamman a zamanin hafsan nan Hans Dominik, aka riƙa tura yaƙi arewa. An ci Ngila da Tibati a 1899, Ngaundere da Garwa a 1901, sannan aka karya rundunar Lamiɗo Zubairu a Marwa a watan Janairu na 1902, bayan Ingilishi sun riga sun fitar da shi daga Yola a watan Satumba na 1901. Da haka aka raba ƙasar da tuta guda ta kafa, fadar ta faɗa hannun Ingila, mafi yawan ƙasar ta faɗa hannun Jamus.

Buɗewar hanya tsakanin Adamawa da bakin teku ta jawo Hausawa zuwa Yawunde, wasu fatake, wasu mahauta, wasu kuma sojojin haya ne a rundunar Jamus. Sun fara zama a kusa da bariki. Daga bisani, a zamanin Faransa, da aka ware tsakiyar gari domin ofisoshi da gidajen Turawa, sai aka tattara su a wurin da Ewondo ke kira Ekoudou. Sunan Briqueterie kuwa kalmar Faransanci ce mai nufin wurin yin bulo, saboda masana'antar jan bulo da aka kafa a wurin tun zamanin Jamusawa. A nan aka gina babban masallacin birnin, a nan kuma aka san teloli da 'yan yadi da masu tsire. Unguwar tana cikin ƙaramar hukumar Yawunde ta 2, ba nisa da kasuwar Mokolo.

Akwai buƙatar a fayyace wani abu a nan. A kudancin Kamaru, kalmar Hausa ta wuce sunan ƙabila. Bafillace da Babarbare da Balaraben Shuwa, da ɗan Nijar da ɗan Mali, duk wanda ya sa doguwar riga da hula ya nufi masallaci, Bahaushe ne a idon mutanen gari. Saboda haka duk inda aka ce Hausawan Briqueterie a wannan takarda, ana nufin wannan jama'a ce da addini da kasuwanci da zama wuri guda suka haɗa, ko da yake akwai gidajen Hausawa na asali da suka yi fiye da shekara 100 a birnin.

Wannan jama'a ta ga saukar tutoci da hawansu. A 1914 hukumar Jamus ta tsara wa kowace ƙasa da take mulka tambari da tuta, aka zaɓa wa Kamaru farin kan giwa a kan jan fili, amma yaƙin duniya na farko ya ɓarke kafin a yi amfani da ita. Ranar 1 ga Janairu, 1916, sojojin Ingila suka shiga Yawunde, a cikinsu akwai dakarun Nijeriya da Hausa ce harshen ba su umarni. Ba da jimawa ba aka miƙa garin ga Faransa, tutar shuɗi da fari da ja ta hau, ta kuma zauna fiye da shekara 40. Ga tsohon da ya san tuta a matsayin izini daga na gaba, babu wani abin ruɗani a wannan sauyi. Sabuwar tuta na nufin sabon mai karɓar haraji, kuma ba wanda ya tambaye shi ra'ayinsa a kan launinta.

4.0 Tutar 1957 da Maganar Launi

Tuta ta farko da 'yan Kamaru suka ƙirƙira da kansu da sunan ƙasa baki ɗaya ba ta hukuma ba ce. Jam'iyyar UPC, wadda aka kafa a Duwala ranar 10 ga Afrilu, 1948, ta ɗauki jar tuta mai baƙar ƙaguwa a tsakiya. Ƙaguwar na ishara ne ga asalin sunan ƙasar, domin matuƙan jirgin ruwa na Fotugal da suka iso bakin kogin Wuri a ƙarni na 15 sun sa masa suna kogin jatan lande, daga kalmarsu ta camarões kuma aka sami Kamaru. Faransa ta haramta jam'iyyar a watan Yuli na 1955, aka kashe jagoranta Ruben Um Nyobe a daji ranar 13 ga Satumba, 1958. Alamar ƙaguwa abu ne na mutanen gaɓar teku, babu abin da take faɗa wa makiyayin Marwa ko telan Briqueterie, kuma lamidojin arewa ba su kasance masoyan UPC ba.

A shekarar 1957 Faransa ta ba yankin da take riƙo a madadin Majalisar Ɗinkin Duniya 'yancin gudanar da harkokin cikin gida. André-Marie Mbida ya zama firayim minista a watan Mayu, mataimakinsa kuwa Ahmadu Ahijo ne, haifaffen Garwa. A ƙarshen watan Oktoba na wannan shekara majalisar dokoki ta amince da tuta mai kore da ja da rawaya, babu tauraro ko ɗaya. Launukan ba baƙi ba ne a Afirka. Na Habasha ne, ƙasar da ta kori Italiya a Adwa a 1896, kuma Gana ta riga ta ɗauke su ranar 6 ga Maris, 1957. Kamaru ce ta bi bayanta, kafin Gini da Mali da Senegal. Jerin a tsaye kuwa gadon tutar Faransa ne. Abin da ya bambanta ta Kamaru da ta Mali da Senegal shi ne ja ne a tsakiya maimakon rawaya.

Wannan jeri shi ya ba da damar karanta tutar kamar taswira, kudu a gefe, arewa a gefe, ja ya riƙe su. Karatu ne da ya dace da siyasar lokacin, domin gwamnatin Mbida haɗin gwiwa ce tsakanin 'yan majalisar kudu ta tsakiya da na arewa, kuma da 'yan arewa suka janye goyon bayansu a watan Fabrairu na 1958, Ahijo ne ya hau. Shi ya karɓi 'yancin kai ranar 1 ga Janairu, 1960, a ƙarƙashin wannan tuta.

To, yaya Bahaushe ke jin waɗannan launuka a harshensa? Launukan da suka fi kafuwa a Hausa uku ne, fari da baƙi da ja. Su ne ke da amsa-kama mafi yawa, kamar fari fat ko fari ƙal, baƙi ƙirin ko baƙi wuluk, ja wur ko ja zur. Su ne kuma suka cika salon magana. Fari na tafiya da alheri, kamar a farin ciki da farin jini da farar aniya. Baƙi kishiyarsa ne, baƙin ciki da baƙin jini da baƙar magana. Ja kuwa ƙarfi ne da tsanani da wahala, shi ya sa ake cewa jan aiki da jan hali da jan wuya da jan namiji. Babu inda ja ke nufin haɗin kai ko zumunci a Hausa. Idan aka ce wa Bahaushe jan da ke tuta na nufin jarumtaka ko jinin da aka zubar, nan da nan zai gane. Idan aka ce haɗin kai ne, sai dai ya haddace kamar yadda ake haddace darasi.

Rawaya ta fi ban sha'awa. Asalinta sunan tsiro ne da marina ke samun launi daga saiwarsa, kuma wasu sun fi cewa ruwan ɗorawa, wato launin garin da ke cikin 'ya'yan ɗorawa. Ba ta da wani nauyi a karin magana ko salon zance. Kore kuma, wanda a wasu karuruwan harshe ake kira tsanwa ko algashi, launi ne na damina da ɗanyen ganye, amma ga Musulmi ya wuce nan. Shi ne launin ƙubbar masallacin Annabi a Madina, shi ne na tufafin 'yan Aljanna, shi ya sa ake yawan shafa shi a ƙofofin masallatai da ƙubbobinsu. Ke nan launin da aka ware wa mutanen daji na kudu, waɗanda mafi yawansu Kirista ne, shi ne wanda Bahaushen Briqueterie zai fi gani a matsayin nasa, wanda aka ware masa kuwa bai ce masa komai ba. Fari, wanda ya fi kowanne daraja a bakinsa, babu shi a tutar sam, alhali yana tsakiyar tutar Nijeriya da Michael Taiwo Akinkunmi ya zana a 1959, yana kuma tsakiyar ta Nijar da aka amince da ita ranar 23 ga Nuwamba, 1959.

Duk da haka wannan saɓani bai haifar da rikici ba. Dalili kuwa a bayyane yake, launi ba ya ƙirga mutane. Kowa na iya fassara shi yadda ya ga dama, fassarar wani ba ta rage wa wani komai ba.

5.0 Taurari Biyu

Tauraro ba haka yake ba, domin shi ana ƙirga shi. Bayan yaƙin duniya na farko, Ingila ta sami wani siririn yanki na tsohuwar Kamarun Jamus a kan iyakar Nijeriya, ta raba shi biyu, na arewa da na kudu. A watan Fabrairu na 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya ƙuri'ar raba gardama, aka ce kowane ɓangare ya zaɓi shiga Nijeriya ko Jamhuriyar Kamaru. Ba a ba su zaɓi na uku ba, wato tsayawa da ƙafarsu. Yankin arewa, inda Mubi da Gwoza da Dikwa da Ganye suke, ya zaɓi Nijeriya da ƙuri'a 146,296 a kan 97,659, ya zama Lardin Sardauna ranar 1 ga Yuni. Yankin kudu, na Buea da Bamenda, ya zaɓi Kamaru da ƙuri'a 233,571 a kan 97,741. Ahijo bai ji daɗin sakamakon arewa ba, har gwamnatinsa ta kai ƙara kotun duniya da ke Hague, amma a 1963 kotun ta ƙi yanke hukunci a kan gundarin maganar.

An zauna a Fumban a watan Yuli na 1961 domin tsara yadda za a haɗu. Ranar 1 ga Oktoba aka kafa Jamhuriyar Tarayyar Kamaru mai jihohi biyu, ta Gabas mai amfani da Faransanci da ta Yamma mai amfani da Ingilishi, John Ngu Foncha ya zama mataimakin shugaban ƙasa. Ba a ɗinka sabuwar tuta ba. Tsohuwar aka ɗauka, aka ƙara mata taurari biyu masu ruwan zinariya a saman ɓangaren kore.

A nan ne gundarin maganar yake. Launukan an zaɓe su ne a 1957, lokacin da Buea da Bamenda ke ƙarƙashin tutar Ingila, suna haɗe da Nijeriya. Babu wakilinsu a majalisar da ta amince da su, kuma fassarar kudu da arewa ba ta yi la'akari da su ba. Arewa kuwa, duk faɗinta da yawan jama'arta, ba ta sami tauraro na kanta ba, tana cikin tauraron Gabas tare da Duwala da Yawunde. Wato ɗan arewa yana da launi amma ba shi da tauraro, mai magana da Ingilishi yana da tauraro amma ba shi da launi. Ɗan arewa bai damu ba, domin shugaban ƙasa nasa ne. Shi kuwa ɗan Yamma, wannan ɗan tauraro shi ne kaɗai shaidar da ke jikin tuta cewa ya shigo ne a matsayin abokin tarayya. Idan aka auna da tsohuwar fahimtar Bahaushe, tauraron ya yi kama da tutar Modibbo Adama fiye da launukan, domin shi ma alama ce ta yarjejeniya tsakanin ɓangarori biyu, kuma darajarsa na tattare da cika alkawari.

Tarayyar ba ta yi tsawon rai ba. A 1966 aka narkar da jam'iyyu duka cikin guda ɗaya. Ranar 20 ga Mayu, 1972, Ahijo ya kira ƙuri'ar raba gardama ta ƙasa baki ɗaya, aka ba da sanarwar cewa fiye da kashi 99 cikin 100 sun amince a rushe tarayya a kafa dunƙulalliyar ƙasa. Masu sukar wannan mataki sun riƙa nuni da cewa tsarin mulkin 1961 ya hana duk wani gyara da zai taɓa tarayyar, kuma da aka haɗa ƙuri'un jihohin biyu wuri guda, muryar 'yan Yamma, waɗanda ba su wuce kashi ɗaya cikin biyar na jama'a ba, ta nutse. Taurarin biyu sun ƙara shekara 3 a kan tuta bayan jihohin da suke wakilta sun gushe. Sai ranar 20 ga Mayu, 1975, aka cire su, aka sa guda ɗaya a tsakiyar ja.

6.0 Bayan Tauraro Ya Koma Ɗaya

Ahijo ya sauka daga mulki a watan Nuwamba na 1982, Paul Biya ya gaje shi, ba da jimawa ba kuma suka ɓata. A 1983 aka raba lardin Arewa gida uku, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa. Ranar 6 ga Afrilu, 1984, wasu dakarun tsaron fadar shugaban ƙasa, mafi yawansu 'yan arewa, suka yi yunƙurin juyin mulki a Yawunde, aka yi kwanaki ana musayar wuta kafin a murƙushe su. An kashe wasu bayan shari'ar soja, an ɗaure wasu, zargi kuma ya shafi 'yan arewa da dama da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Ahijo ya rasu a Dakar a 1989, a can aka binne shi. A wannan lokaci ne ya bayyana cewa ba rawayar da ke jikin tuta ce ta ba ɗan arewa kwanciyar hankali a babban birni ba, mutumin da ke kan kujera ne.

A farkon 1984 ɗin ne kuma aka sauya sunan ƙasar daga Haɗaɗɗiyar Jamhuriyar Kamaru zuwa Jamhuriyar Kamaru, wato sunan da yankin Faransa ke amsawa kafin haɗewar 1961. Wani lauya, Fongum Gorji Dinka, ya kafa hujja da cewa tun da ɗaya ɓangaren ya koma tsohon sunansa, to shi ne ya fice daga haɗakar, ya kuma raɗa wa yankin Ingilishi suna Ambazoniya. Batun tauraron da ya ɓace ya zama abin da masu wannan ra'ayi ke yawan ambata. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A ƙarshen 2016 lauyoyi da malaman makaranta na yankunan Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma suka shiga yajin aiki a kan turo musu alƙalai da malamai masu aiki da Faransanci. Ranar 1 ga Oktoba, 2017, 'yan aware suka ayyana ɓallewa, suka ɗaga tuta mai ratsin shuɗi da fari, da farar kurciya kewaye da taurari. Ba ta ɗauki ko ɗaya daga cikin launukan 1957 a matsayin ginshiƙi ba. Yaƙin da ya biyo baya ya ci rayukan dubban mutane, ya raba dubban ɗaruruwa da gidajensu, wasu suka tsallaka Nijeriya, wasu suka gangaro Duwala da Yawunde.

Su kuwa mutanen Briqueterie, ba a san su da ƙorafi a kan tuta ba. Launukanta su ne na kayan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, riga koriya da jan wando da safa rawaya, waɗanda duniya ta sani tun gasar cin kofin duniya ta 1990 da Kamaru ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe. Matsalarsu ta wani fanni ce, ita ma ta ƙirga ce. Tsarin mulkin 1996, wanda ya tabbatar da tauraro guda, shi ne kuma ya shigo da bambanci tsakanin ɗan asalin yanki da wanda ba ɗan asali ba, ya ce shugaban majalisar kowane yanki sai ya kasance ɗan asalin wurin. Dokar ƙananan hukumomi ta ranar 24 ga Disamba, 2019, ta faɗaɗa wannan sharaɗi zuwa kujerar magajin gari na manyan birane, har da Yawunde. A yadda ake fahimtar kalmar ɗan asali a aikace, da wuya a lissafa Bahaushen da aka haifi kakansa a Ekoudou cikin waɗanda suka cancanta, ko da kuwa bai taɓa taka Garwa ba. A cikin wannan doka guda ne aka ba yankunan Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma matsayi na musamman, da majalisa mai zaure biyu, ɗaya na wakilai ɗaya na sarakuna. Ba a taɓa tutar ba.